In rubutu ya cije, da wane wasa kuke wasa ƙwaƙwalwa?

Ƴar Gusau:
Salam marubuta. Don Allah in labari ya tsaya muku cak kun rasa abin sawa a takarda, wane wasa kuke yi kai ya buɗe? Ni dai kacici-kacici ne nawa, amma gaskiya na gaji da su shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya da baba na ɗaka gemu na waje, kafin ka rufe baki yaro ya ce tsintsiya, hayaƙi, hadda ce kawai ba tunani a ciki. Ko akwai mai sabo?

Bakabe:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata ai daɗin abin ba ga amsa yake ba, ga ba da gari yake. Mu nan Argungu in anka kasa sai ka ce a ba ka gari, a ba ka Jega ka ce ba ka so, a ba ka Yawuri ka yamutsa fuska, sai an kai Makka kana ka hwaɗi amsa, to wannan jan ran da kake ma mutane shi ne dai marubuci ka yi ma mai karatu. Amma ga sabo tunda kin nema: ɗana ba ya kwana sai ya sha nono ta wutsiya.

Malamin Ƙaura:
Mu masu waƙa namu daban ne. Wani ya jefo baiti ƙwar biyu, wato mai layi biyu, na gaba ya ɗora da amsa-amo iri ɗaya, wato ƙafiya ko sautin ƙarshen layi, kuma ba a maimaita kalmar da aka riga aka rufe da ita. In ƙafiyar "na" ce ko "wa" za a kwana ana yi, amma a gwada "tsa" mana, bayan gatsa da matsa da latsa zaka ga manya sun fara cewa netwok ya ɗauke.

Maman Ɗiya, Mafara:
Hhhh Malam ka ji tsoron Allah. Ni karya harshe nake so, da kwaɗo da ƙato suka tafi neman ƙoto, ko turmi ture kura kura ture turmi, ki faɗa da sauri sau uku ki ji yadda bakinki zai harɗe. Shi ya koya min karanta rubutuna da ƙarfi, duk inda harshe ya yi tuntuɓe sai in gyara. Zaurance kam yanzu yara ba su iya ba, da muna makaranta sai mu ce zodo mudu tadafidi a gaban mutum bai san tafiya za mu yi mu bar shi ba.

Ƴar Gusau:
Na gode ƙwarai, na Malam zan kai wa ƴan ƙungiyarmu. Yaya Bakabe naka ya kayar da ni, jinjirin da ke tsotso ta wutsiya kuma? Na ba ka Gusau.

Bakabe:
Ban so. Ƙaro gari.

Maman Ɗiya, Mafara:
Kar ki ba shi komai, waya ce a caji.