Ina neman shawara: in biya kuɗin horon tsara kasuwancin noma ko in ƙara raguna?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mahaifinmu ya rasu shekara 4 da suka wuce, ya bar mana gandu mai eka 6 a yankin Kura, kuma da yake ni ne babba, ƙannena 5 suka bar noman a hannuna ba tare da an raba gado ba. Biyu daga cikinsu suna karatu, ɗaya tana gidan miji, mahaifiyarmu kuma a ɗakinta take, duk daga gonar nan ake ci. Ina noman shinkafa da rani, masara da damina, sannan ina turke raguna 12 domin Babbar Sallah. Bara ƙanena na uku ya tambaye ni a gaban kawunmu nawa gonar ta kawo, na kasa ba shi amsa, kuma tun ranar maganar take damuna, domin Allah ya sani ban ci haƙƙin kowa ba. Yanzu wata cibiya a Kano tana ba da horon kwana 5 kan rubuta tsarin kasuwanci, an ce da takardar shaidarsu ake neman rance. Kuɗin horon ya kai na rago guda. Shin in je, ko in sa kuɗin a kiwo?

Tsohon malamin gona: Wa alaikumus salam. Ɗana, na yi shekara 31 ina yawo gonaki a kan babur, saboda haka ka saurare ni. Ka ba mu tarihin gida, amma ba ka faɗa mana nawa ka kashe a shinkafar bara ba, kuma ina kyautata zaton ba ka sani ba. Maganar rance da takardar horo tana da alaƙa ne da AGSMEIS, shirin rancen noma da ƙananan sana'o'i da aka fara a 2017 ƙarƙashin kulawar Babban Bankin Nijeriya, wanda ya shardanta horo a cibiya kafin a nemi kuɗi, to amma a ƙarshen 2023 Babban Bankin Nijeriya ya dakatar da karɓar sababbin takardun neman rance a shirye-shiryensa na tallafi. Ka tambaye su wane banki ne zai karɓi takardar tasu, su nuna maka a rubuce. Kafin nan ka sayi littafi, ka rubuta iri, taki, fetur ɗin injin ban-ruwa, 'yan ƙwadago, kuɗin mota da la'adar dillali, har da buhun da aka ci a gida da zakka, wadda rabin ushiri ce a noman ban-ruwa.

Hajiya mai kiwo: Baba, ina girmama maganarka, amma ni horo ya amfane ni. A can aka nuna mini cewa dusa da harawa da kowar wake su ne ke cinye ribata, domin ina sayensu kaɗan-kaɗan a lokacin tsadarsu. Yanzu da Sallah take faɗowa kafin damina ta zauna, turka tana kamawa a bazara, saboda haka tun da kaka nake tara abincin dabbobina. Ƙanena, ka je.

Manomi daga Bunkure: Kada kowa ya ƙara yi mini maganar rance. Mun shiga wani shiri a ƙungiyance, muka cike takardu, muka buɗe asusu, taki bai iso ba sai da shinkafa ta fara fitar da kai, amma bashin aka rubuta mana shi cif. Har yau ana kirana a waya, kuma shugaban ƙungiyar tamu ko gaisuwata ba ya amsawa.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Amma ba daidai ba ne a ce ban san abin da nake kashewa ba, duk yana kaina, kuma mahaifinmu ya yi shekara 40 yana noma bai taɓa riƙe biro ba. Ni abin da nake so shi ne jari ya ƙaru, ragunan su kai 30, a daina ganin kamar ina ɓoye wani abu.

Tsohon malamin gona: Mahaifinka gonarsa ce shi kaɗai, kai kuwa dukiyar magada ce a hannunka, bambancin ke nan. Kuma a zamaninsa farashi bai yi irin tsallen da ya yi bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba, balle abin da aka gani a 2025, lokacin da hatsi ya karye a Dawanau alhali taki yana nan da tsadarsa. Idan ragunanka 12 faɗuwa suke yi ba ka sani ba, 30 za su ninka maka faɗuwar, ga bashi a wuya. Ita ma Hajiya abin da ta koya lissafi ne, kuma malamin gona na KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta Jihar Kano, da ke yankinku zai iya zama da kai a kan wannan.

Wani ɗalibin ilimi: Ni abin da ya tsaya mini shi ne gadon da ba a raba ba. Ba ya halatta ka jingina gonar da ba taka kai kaɗai ba ce ba tare da yardar sauran magada ba, kuma idan rancen da kuɗin ruwa ne, wannan wata magana ce daban. Ku fara zuwa wurin malami a raba.

Hajiya mai kiwo: Baba, malamin gona ɗaya ne ga ƙauyuka nawa? Ni shekara 2 ban ga namu ba.

Mai tambaya: Malam, rabon gado ba zai yiwu yanzu ba, mahaifiyarmu ba ta so a yanka gonar tana raye, kuma ban ce zan jingina ta ba. Na kira cibiyar, sun ce ranar Litinin za a rufe rajista, game da bankin kuwa sun ce sai na zo za su yi mini bayani. Ranar Juma'a kuma ina da niyyar shiga kasuwar Wudil duba raguna. Hajiya, naku horon kwana nawa ne, kuma an ba ku rance bayansa?