Shafin intanet na kayan ɗaki ya shekara, babu wanda ya kira ni ta cikinsa

Kafintan Gandu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni kafinta ne a Gandun Albasa, Kano, kuma kayan ɗakin amare nake yi: gado, wadirob, madubi da kujerun falo. Bara wani yaro ɗan unguwarmu ya haɗa mini shafin intanet mai adireshin .com.ng, na biya shi ladan aikinsa, na biya kuɗin shekara. Shafin ya yi kyau ƙwarai. Da ka buɗe, bidiyo ne zai tare ka, sai bayani da Turanci, sai fom ɗin da mai son kaya zai cike. Ban sa farashi ba, saboda kuɗin katako a Na'ibawa ba ya zama wuri ɗaya.

Yanzu an ce lokacin sabuntawa ya yi, alhali ban san mutum ko ɗaya da ya zo shagona ta dalilin shafin nan ba. Duk wanda ya zo, ko dai ya ga aikina a wajen jere, ko ya gani a WhatsApp ɗina. Ina da yara a ƙarƙashina da suke jiran aiki, abin yana damuna. In sabunta ne, ko in bar shi ya mutu? Na sa adireshin shafin kusa da sunana a nan dandalin ga mai son dubawa.

Ɗan Kwamfuta ya amsa:

Wa alaikumus salam Baba. Wannan sana'ata ce, kuma na buɗe shafin naka da ƙaramar wayata, da data, kamar yadda kwastomanka zai buɗe. Na daɗe ina kallon farin allo kafin bidiyon ya fito. Mai neman gado ba zai jira haka ba, balle ya ga datarsa tana tafiya. A cire bidiyon daga shafin farko, a rage nauyin hotunan. Akwai PageSpeed Insights na Google, kyauta ne, kana sa adireshin zai nuna maka abin da yake jan shafin baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fom ɗin. Na cike shi ɗazu, na rubuta cewa ina son gado. Saƙon ya iso maka? Ina zargin bai iso ba. Yawanci irin wannan fom yana zuba saƙo ne a wani imel da aka buɗe tare da shafin, wanda mai shago bai ma san da shi ba. Yana yiwuwa mutane sun yi ta sallama, babu mai amsawa. Lambar wayarka kuma tana can ƙasan shafi, kuma a jikin hoto take, ko an danna ba ta kira. A sa maɓallin WhatsApp a sama, irin na wa.me, wanda dannawa ɗaya zai kai mutum cikin hira da kai.

Sai batun Google. Na nemi kayan ɗaki a Kano, da Hausa da Turanci, ban gan ka ba. Ba mamaki, domin a shafin farko babu inda aka rubuta Kano ko Gandun Albasa, sai dogon Turanci kan inganci da ƙwarewa, irin wanda kowane kamfani yake rubutawa. Ka buɗe Google Business Profile, shi ma kyauta ne. Shi ne yake sa shago ya fito a taswira da hotuna da lokacin buɗewa da lambar kira. Ga mai shago irinka, wannan ya fi shafin saurin kawo kira.

Maman Amare ta amsa:

Malam, ni ban san harkar kwamfuta ba, amma na aurar da 'ya'ya mata, na san abin da uwa take nema. Na duba hotunanka, wallahi ba aikinka ba ne. Ɗakunan Turawa ne, har da murhun jin ɗumi a bango. Ni so nake in ga gadon da ka yi da hannunka, a tsaye a ƙofar shagonka, ko da ƙura a ƙasa. A ɗauko mini kusa, in ga yadda aka haɗa kusurwa, in ga cikin durowa, a faɗa mini MDF ne, wato na garin katako da aka matse, ko katakon gaske. Hoton da ya cika kyau tsoro yake ba mu, don mun ga waɗanda aka nuna wa abu aka kawo musu wani.

Maganar farashi kuma ban yarda da uzurinka ba. Kowa ya san kaya suna tashi. Rubuta cewa saiti kaza yana farawa daga kaza, a watan kaza, ka riƙa gyarawa. Mace tana zaune da dare tana lissafin adashinta da gudummawar 'yan'uwa, so take ta san ko kai sa'anta ne kafin ta kira. In ba ta ga kuɗi ba, sai ta ɗauka ka fi ƙarfinta, kunya ta hana ta tambaya, ta wuce wajen wanda ya rubuta. Ka kuma faɗi sati nawa aiki yake ɗauka, da ko kuna kaiwa ku haɗa a gidan amarya. Tsoron kafinta ya saɓa alƙawari ana gobe jere ya fi tsoron tsada.

Alhaji Na Kwari ya amsa:

Ni a ganina ka bar shi kawai. Atamfa nake sayarwa har Maraɗi da Yamai, ban taɓa mallakar shafi ba. WhatsApp Business yana da wurin jera kaya da farashi, TikTok kuma yana kawo mutane. Mutanenmu da baki suke ciniki, sai an taya an yi albarka. Wa zai tsaya cike fom?

Baƙon Jidda ya amsa:

Alhaji, da girmanka, a nan na saɓa maka kaɗan. Kai an san ka, dillalai da direbobi duk shaidunka ne. Mu da muke waje muna yi wa ƙannenmu kayan ɗaki ba tare da mun taka shagon ba, kuma kafin alƙalamin kayan ɗaki ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kafin in tura, ina duba ko sunan shagon yana da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko sunan asusun banki ya yi daidai da na shagon, ko akwai adireshin da zan tura ɗan'uwana ya gani da idonsa. Shafin da ya tara waɗannan wuri ɗaya yana kwantar mini da hankali. Na Malam babu ko ɗaya a ciki, ko kwatancen shagon babu.

Kafintan Gandu ya sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Ɗan Kwamfuta, saƙonka bai iso mini ba. Na kira yaron, ya ce akwai imel ɗin, amma ya tafi bautar ƙasa kuma lambobin sirrin suna wajensa. Hajiya, gobe in Allah ya kai mu akwai saitin da za mu fitar, zan sa a ɗauke shi yadda kika ce. Tambayata yanzu, in na sabunta, ta yaya zan tabbatar abin yana hannuna?

Ɗan Kwamfuta ya sake amsawa:

Baba, kada ka bari wa'adin ya wuce, don in adireshin ya faɗi, bayan wani lokaci kowa yana iya saye. Ka tambayi yaron a wane kamfani ya yi rajistar. Adireshin da ya ƙare da .ng yana ƙarƙashin NiRA ne, ƙungiyar da ke kula da adireshin intanet na Najeriya, ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Ya mayar da rajistar zuwa sunanka da imel ɗin da kake buɗewa a wayarka, ya ba ka lambobin sirri na shafin da na imel ɗin, kai kuma ka canza su a ranar. Da ka shiga akwatin imel ɗin, ka bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, ka duba har wurin da ake jefa saƙonnin banza. Duk wanda ya bar lamba ka kira shi, ko da bikin ya wuce.