Malamin makaranta zai iya shiga majalisa yau kamar yadda Tafawa Balewa ya shiga?

Malamin firamare, Dass: Jama'a, maganata ɗaya ce kuma ina kanta. Da Abubakar Tafawa Balewa zai dawo yau a matsayinsa na malamin makaranta, ko fom ba zai iya saya ba. Mahaifinsa ba sarki ba ne, hidima yake yi a gidan hakimin Lere. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya dawo yana koyarwa a Midil ta Bauchi, a 1946 ya shiga Majalisar Arewa. To a 2022 fom ɗin APC na majalisar jiha naira miliyan 2 ne, na majalisar wakilai miliyan 10, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin dubu 30 ne. Na majalisar jiha kaɗai albashin sama da shekara biyar ke nan, ba ci ba sha, a kan takarda kawai.

Tsohon kansila, Misau: Malam, lissafinka daidai ne, amma ka tsallake abu guda. A 1946 ba talakawa ne suka yi layi suka zaɓe shi ba. Ta hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ake tura wakilai Majalisar Arewa a lokacin. Wato shi ma sai da manya suka amince da shi. Ubangida a siyasa ba yau aka fara ba.

Malamin firamare: Na ji, Baba. Amma me ya yi da ya shiga? A 1950 ya miƙe a zauren majalisa, ya kawo ƙudurin a yi wa mulkin En'e garambawul, a ba talaka bakin magana a harkar ƙasarsa. Tsarin da ya kai shi wurin shi ya taɓa, a zamanin da sarakuna ke riƙe da kotu da 'yan doka da gidan yari. Nuna min ɗan majalisa ɗaya yau da zai tashi ya ƙalubalanci wanda ya saya masa fom.

Mai shagon ɗinki, Wunti: Ni dai Malam, ina ganin kuna ɗora wa kuɗin fom laifin da ya fi ƙarfinsa. Na PDP a majalisar jiha a 2022 ai bai kai miliyan ɗaya ba, ga kuma ƙananan jam'iyyu. Mu masu zaɓe fa? Ɗan unguwarku zai fito, kun san halinsa, kun san gidansu, amma ranar zaɓe sai a bi mai taliya da atamfa. Mata muna cikin masu karɓa, kuma abin yana ci min rai ƙwarai.

Tsohon kansila: Hajiya ta taɓo wajen. Amma kafin a zo kan taliya, a 2022 sai da aka bi ta hannun daliget, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara. Zaɓen fidda gwani nan ne ake kashe talaka. Mutane ƙalilan ne, a kwashe su a kai masauki, a kwana ana ciniki. Sannan tsarin mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da kai. Kuma ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aikinsa aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Malamin da ke da mata da 'ya'ya zai saki albashinsa ne a kan abin da ba shi da tabbas? In ya faɗi, wa zai ciyar da gidan?

Ɗalibi, Gadau: Iyayena, ku yi min afuwa in sa baki. Tun 2018 an rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, kuma takardar sakandare ta wadatar. Ƙofa a buɗe take. Kujeru 31 ne a majalisar Bauchi, yawancinsu na karkara. In ƙungiyar malamai ko ta manoma ko 'yan acaɓa na ƙaramar hukuma ɗaya suka yi karo-karo, za su iya tsayar da nasu.

Malamin firamare: Ɗana, karo-karon zai sayi fom. Zai biya wakilan akwati a kowace rumfa? Zai ɗauki lauya in aka je kotu?

Ɗalibi: Wakilan akwati mu ne, Malam, kyauta za mu tsaya. Mutanen jam'iyyar NEPU ta talakawa da su Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano ba da kuɗi suka tara jama'a ba.

Tsohon kansila: Sun tara jama'a, amma kujeru nawa suka ci a kan NPC, jam'iyyar su Tafawa Balewa? Kaɗan ne, ga ɗauri da duka da magoya bayansu suka sha.

Mai shagon ɗinki: To ko kaɗan ne ai sun ci, Baba. Ni abin da nake so in ji, a cikinku wa zai fito? Malam, kai ka kawo maganar. In ka yarda, ni zan tara matan layinmu, mu fara da kansila.

Malamin firamare: Hajiya, sai na yi shawara da iyalina tukuna, don maganar ajiye aikin nan ba ƙarama ba ce.