Intabiyun neman gurbin karatun lauya: mi za ta shirya?

Hadiza Mabera: Assalamu alaikum 'yan zaure. An kira ƙanwata intabiyu ranar Talata, na neman gurbin karatun lauya. Tun jiya ko abinci ta kasa ci. Waɗanda sunka bi wannan hanyar, don Allah mi za ta shirya?

Bello: Wa alaikumus salam. Takardu tukuna: sakamakon JAMB, na WAEC, shaidar ƙaramar hukuma, asali da kwafi. Ta tabbata kiredit ɗinta na Literature yana nan.

Barista Nasiru: Hajiya Hadiza, ki ce mata ta ci abinci da safe, ta tahi da ruwa. Lokacin namu tun hantsi aka tara mu a wata baranda, ba kujera, ba a fara kira ba sai bayan azahar. Wata yarinya jiri ya kwashe ta a layi, ba wanda ya waiwaye ta. Da na shiga, mutum ukku ne. Ɗaya ba ya bari in kai aya sai ya katse ni, da gangan, don ya ga ko zan harzuƙa. Wanda ya shiga kafin ni da hawaye ya fito. Har yau ina ganin wannan ba tarbiyya ba ce, amma ta san ana yi.
Tambayar da na fi tunawa: in mutum ya faɗa maka shi ya yi laifin, za ka kare shi? Ba wa'azi suke so ba. So suke su ji ka san sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, cewa duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma ka san lauya ba ya yi wa kotu ƙarya. Ta karanta babi na huɗu na Kundin duka, wanda ke maganar haƙƙoƙin ɗan Adam, gajere ne. Ta san jerin kotuna tun daga majistare har Kotun Ƙoli. Tunda 'yar Sakkwato ce, da wuya ba a taɓo shari'ar Musulunci ba: ta san Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a aure da gado da wasiyya da waƙafi take dubawa, kuma mazhabar Malikiyya ake bi. Abin da ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Kame-kame ne ke kashe mutum a gabansu.

Hadiza Mabera: Allah shi saka da alheri, Barista. Na tura mata.

Aunty Asabe: "Mi ya sa kike son zama lauya?" Wagga ba ta wucewa. Kada ta ce tun tana ƙarama take so, kowa haka yake cewa. Ta kawo abin da ta gani da idonta, ko rigimar gado ce a unguwa.

Sanusi Gawon Nama: Ta sa baƙi da fari.

Bello: Baƙar kwat a zafin Sakkwato? Sai dai a kwaso ta 😂

Aunty Asabe: Doguwar riga mai mutunci da hijabi sun isa. Baƙi da fari sai an shiga aji.

Sanusi Gawon Nama: Ta fara sabawa dai. Shekara biyar tana sawa, sannan Law School, makarantar horas da lauyoyi bayan digiri. Allah sa a tura ta reshen Bagauda na Kano, kusa da gida.

Barista Nasiru: Bwari ta fi. Nan ne hedikwata.

Sanusi Gawon Nama: Kullum maganarku ke nan, 'yan Abuja. Jarrabawa ɗaya munka rubuta, rana ɗaya.

Malam Shehu: Ku bari yarinya ta samu gurbin tukuna mana.

Bello: Barista, ya maganar filina na Arkilla? Na kira ka jiya ba ka ɗauka ba.

Barista Nasiru: Ina kotu. Zo ofis bayan la'asar da takardun.