Faɗan 'yan shara da lafiyar yaranmu: abin da iyaye suka tattauna

Mun zauna da wasu iyaye da wata ma'aikaciyar jinya a unguwar Rigasa da ke Kaduna kan yadda faɗan 'yan shara, wato 'yan daba masu sara da suka, ke taɓa jikin yara, har waɗanda ba a taɓa sara ba. Ta bayyana cewa tsoro na sa jiki sakin sinadaran adrenalin da kotisol. Idan abin ya zama kullum, bugun zuciya da hawan jini na ƙaruwa, barci ya lalace, ciwon kai da na ciki su yawaita, mai asma kuma ta riƙa tashi masa.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce barci. Matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10, don haka a karɓe waya da dare, a daina tura masa bidiyon gawarwaki. Yaron da ya koma fitsarin kwance bayan ya ga an sari wani, kada a dake shi, a kai shi asibiti.

Wani dattijo ya ce a kulle yara a gida kawai. Ni dai ban gamsu ba, zaman ɗaki ma ciwo ne. Gara ƙwallo da rana, babba na kusa.

Rauni ko ƙarami ne, a wanke, a yi allurar tetanus. A kuma sa ido kada yara su faɗa shan ƙwayar Tramol.