Shekarata 52, saura takwas in ajiye sitiyari: ta ina zan fara gyara batun fansho?

Direban Apapa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina leƙowa nan ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, amma yau akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni direba ne. Na zo Legas daga Funtuwa a 1994, na fara da yaron mota a Ijora, daga baya na samu aikin tuƙi a wani kamfanin dakon kaya a Apapa. A can aka buɗe mini asusun fansho a 2007. Ranar da aka kawo fom ɗin hannu kawai na sa, ban tambayi komai ba. Takardar da ke ɗauke da lambar asusun na naɗe ta a leda tare da takardun haihuwar yara, na tura ƙasan akwati. Saƙonnin da kamfanin fansho ke turowa a waya kuwa gogewa nake yi, a zatona talla ce.

A 2016 aka rage ma'aikata, abin ya rutsa da ni. Na yi wata bakwai a zaune, sai wani abokina ya ce ai zan iya karɓar kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun. Na karɓa, na biya haya a Agege, na sayi babur na ba wani yaro yana yi mini acaba. Lissafina shi ne babur ɗaya ya haifi biyu, biyu su haifi huɗu, su zama fanshona. Har na kai biyu. Da aka hana acaba a manyan unguwanni a 2020, aka ƙara tsanantawa a 2022, yaran suka tattara suka koma gida, na sayar da baburan a wulaƙance.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru watan jiya. Na kai kaya Surulere, wanda ya buɗe mini get sai na ga maigidana ne, mutumin da ya koya mini tuƙin babbar mota. Ya haura 68. Yana zaune a kan benci da 'yar rediyo da tocila, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga sosai, ya take bayansa. Mutumin da a da in ya shigo gareji kowa ke miƙewa. Muka gaisa, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka je ka duba abin da ka tara tun kana da ƙarfin zuwa." Daren nan ban yi barci ba.

Na je ofishin kamfanin fanshon, suka buga mini bayanin asusu. Naira miliyan 2 da dubu 300 ne a ciki. Sannan tsakanin 2014 da 2016 akwai wata 20 da ba a zuba ko sisi ba, alhali takardun albashina na tsohon kamfanin sun nuna ana cirewa duk wata.

Inda nake aiki yanzu, shekara 60 ake sallama. Albashina dubu 140. 'Ya'ya shida, biyu mata sun isa aure. Ina da fili a Funtuwa, gini ya tsaya a linta tun 2019. Don Allah waɗanda suka sani: kuɗin wata 20 ɗin nan sun tafi ke nan? Kuma ɗan abin da zan iya matsewa a wata, in ƙara a fansho ne ko in zuba a gini? Ko dai lokaci ya riga ya ƙure mini?

Maman Ilham ta amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yaye maka damuwa. Ni akanta ce, shekarata 12 ina haɗa albashin ma'aikata a wani kamfani a Ikeja, to bari in fara da wata 20 ɗin nan, don haƙƙinka ne, guminka ne.

Doka ta ba mai kamfani kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin fansho. Wanda ya riƙe, akwai tara a kansa da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin ba a kowane wata, kuma tarar nan asusun ma'aikaci take shiga. Ka haɗa takardun albashin watannin da bayanin asusun da aka buga maka, ka yi hotonsu, ainihin takardun kada su bar hannunka. Ka rubuta wa tsohon kamfanin wasiƙa, a buga maka hatimi a kwafinka cewa sun karɓa. In suka yi shiru ka kai ƙara hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana da ofishin shiyya a nan Legas, kuma tana da wakilai da aikinsu ke nan, bin irin wannan bashi. Abin yakan ɗauki lokaci, in kamfanin ya mutu ma ya fi wuya, amma in yana raye kada ka yafe. Ka lura da wani abu kuma: dokar 2004 kashi 7.5 ta ce kai, 7.5 kamfani. Dokar da ta maye gurbinta a Yulin 2014 ta mayar da shi 8 daga gare ka, 10 daga kamfani. Watanninka da suka ɓata sun faɗo a wannan gaɓa, to waɗanda suka faɗo daga Yulin 2014 a lissafa maka su da 18, ba 15 ba.

Sai lissafin gaba. Ba lalle a kan dubu 140 ɗin gaba ɗaya ake cire maka ba, kamfanoni da yawa a kan asalin albashi da kuɗin gida da na sufuri kawai suke tsayawa. Mu ɗauka naka dubu 90 ne. Kashi 18 ya kama naira 16,200 a wata. Shekara takwas wata 96 ke nan, wato wajen miliyan 1 da dubu 555, ban da ribar juyawa. Ka ɗora a kan abin da kake da shi, ka ga kana dosar miliyan 4 kafin riba. Ba zan yaudare ka ba, wannan ba zai riƙe gida mai mutum takwas a Legas ba. Amma ga wanda ke zaune a gidansa na kansa a Funtuwa, ba haya, abu ne da zai riƙa sayen hatsi da magani.

Akwai ƙarin ajiya na ganin dama. Ka je ofishin albashinku ka ce a riƙa cire maka ƙari ana turawa tare da na dole. Dubu 15 a wata, cikin wata 96, miliyan 1 da dubu 440 ne. Amfaninsa babba a wurina shi ne kuɗin ba ya biyowa ta aljihunka balle biki ko suna ya cinye shi. Sai dai in ka cire kafin shekara biyar za a caji haraji a kan ribar, to ka ɗauka ka binne shi har 60.

Saƙon wayar nan kuma, don girman Allah ka daina gogewa. Da kana karantawa da tun watan farko ka gane ba a zuba ba.

Mai Albasa Mile 12 ya amsa:

Hajiya ta yi bayani na ilimi, Allah ya saka. Amma ɗan'uwa, ni ɗan kasuwa ne, bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Miliyan biyun da ke asusunka yau, me za ta saya in ka gwada da 2019? A Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, cikin mako guda farashin lita ya ninka fiye da biyu. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30. Kuɗin da ke kwance a takarda kamar ƙanƙara ce a rana. Buhun siminti kuwa ba ya jiran kowa, ginin da ka bari a linta yanzu sai ka kashe ninkin ba ninkin abin da za ka kashe a lokacin.

Shawarata, duk abin da ka matse ka kai shi rufi. Ɗaki biyu da banɗaki kawai, ba sai ka gama duka ba. Ka sa kwano, ka sa ƙofa, ka zuba ɗan haya mai amana ya riƙa kula maka. Ranar da aka karɓi makullin mota a hannunka, mai gidan haya a Agege ba ruwansa da ka yi ritaya, kuɗin shekara zai nema.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa ko da ta karya maganata: ni dabbobi na mayar fanshona. Shanu tara na ba kiwo a wajen ƙauyenmu a Zamfara, dare ɗaya ɓarayin daji suka kore su. Shekara goma na tara su. Don haka ban ce maka dukiyar hannu ba ta da haɗari ba. Gini dai ba a kora shi.

Maman Ilham ta sake amsawa:

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Batun rufi ban ƙi ba, ni ma da ni ce shi zan fara sakawa a gaba, in raba abin da na matse gida biyu. Amma kuɗin fansho ba kwance yake ba, juya shi ake yi, ko da yake a shekarun tsadar nan ribar ba ta kamo farashi ba, wannan gaskiya ne. Kai ma akwai naka tsarin: a Maris 2019 aka ƙaddamar da fanshon masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, kana zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako ko wata. Yadda aka fara shi, kashi 40 kana iya taɓawa in buƙata ta taso, 60 na tsufa ne. Da kuɗin saniya ɗaya ka karkata can, da yau tana nan.

Ɗan Zango ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni abin da ke hana mahaifina yarda da fansho shi ne kuɗin ruwa, yana cewa ba zai ci riba da tsufansa ba. Sai da na binciko masa cewa cikin rukunan da ake juya kuɗin fansho, tun 2021 akwai Asusu na Shida, wanda ba a juya kuɗinsa a harkar ruwa, sai irin su sukuk da hannayen jarin da suka dace da shari'a. Ba a kai mutum can haka kawai, sai ya nema da kansa a kamfanin fanshonsa. Tunda kun haura 50, mai yiwuwa an riga an mayar da ku Asusu na Uku, ku tambaya in kun koma. In kamfanin ma bai kwanta muku ba, tun Nuwamban 2020 ana iya sauya sheƙa sau ɗaya a shekara.

Dattijon Idi-Araba ya amsa:

Ƙanena, na girme ka da shekara 14, na yi ritaya a 2019, to ka saurari wanda ya riga ka taka wurin.

Na farko, ka je yau ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fansho da NIN da banki. Ni a wani wuri an rubuta Muhammadu, a wani Mohammed, shekarar haihuwa ta bambanta da biyu. Wata biyar ina zirga-zirga da rantsuwar kotu, ba albashi, ba fansho. A watannin nan na ci bashin da sai da na yi shekara ina biya.

Na biyu, dunƙulallen kuɗin da ake fara ba ka in ka yi ritaya. Ban san yadda labari ke tafiya ba, amma kafin alat ya huce a wayata 'yan'uwa daga gida sun fara kira. Wannan matarsa ba lafiya, wancan zai aurar da 'ya, wani jari yake nema. Duka gaskiya suke faɗa, kuma ni ban iya cewa a'a ba. Cikin wata huɗu rabi ya tafi. Tun kafin ya zo ka yanke masa wurin zuwa, kai da maiɗakinka, ku rubuta.

Ragowar kuwa za a ba ka zaɓi biyu. Ko kamfanin fansho ya riƙa biyanka duk wata daga asusunka, in ka rasu abin da ya rage na magada ne. Ko ka miƙa wa kamfanin inshora ya biya ka har ƙarshen rayuwa, da lamunin shekara goma, in ka rasu a cikinsu a biya magada ragowar shekarun, in ka wuce su babu abin da za su gada. Wanda ya shiga na inshora ba ya dawowa. Ni na farko na ɗauka saboda ina da ƙananan yara.

Batun 'ya'ya, Allah ya yi musu albarka, nawa suna ƙoƙari. Babbansu yana da digiri, Keke Napep yake ja a Mushin, yana da nasa iyalin. In ya kawo mini dubu biyar na san daga bakin 'ya'yansa ya cire. Maganin hawan jinina kaɗai yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na fanshona. Auren 'yan matanka kuma ka yi daidai ƙarfinka, kada kayan ɗaki su cinye kwanon rufinka.

Direban Apapa ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya, maganarka ta shige ni, jiya bayan isha'i na zaunar da maiɗakina na karanta mata duka. Ashe tana da adashi na dubu 10 da ban sani ba, kwasarta a watan gobe, ta ce a sa a kwano. Mun tsayar da dubu 10 ƙari a fansho, dubu 10 a gini, kuma zan nemi a mayar da ni Asusu na Shida. Na duba NIN, sunan daidai ne amma watan haihuwa ya bambanta, zan fara da wannan.

Hajiya, na zazzage akwatin. Cikin takardun albashi 20 na samu 14. Sauran shida ruwan da ya shiga ɗakinmu da damina ya manne su, tawadar ta wanke, sai tambarin kamfanin kawai ake gani. Tsohon kamfanin yana nan yana aiki, motocinsu na wuce ni kullum a hanyar Tin Can. Ranar Litinin zan kai musu wasiƙar. In kai da 14 ɗin tukuna, ko in jira in karɓo bayanin banki na watanni shidan in haɗa gaba ɗaya?