Ba ni da lafiya kuma kicin ba komai, me zan dafa?

Ɗalibi a Samaru: Salam jama'a. Kwana uku kenan mura da zazzaɓi sun kwantar da ni, abokin zamana ya tafi gida, ko ƙarfin zuwa kasuwa ba ni da shi wallahi. Abin da ya rage shinkafa kamar kofi ɗaya, albasa rabi, ɗan manja a gindin kwalba, magi biyu, garin gero da tsamiya da Inna ta haɗo min, sai busasshiyar citta. Bakina ɗaci, jiri nake ji in na daɗe tsaye. A taimaka min da dabara don Allah.

Maman yara: Ayya sannu ɗana, Allah ya ba ka lafiya. Kunun tsamiya za ka fara yi, ka jiƙa tsamiyar a ruwan ɗumi ka tace, ka dama garin da ruwan tsamiyar, sai ka zuba tafasasshen ruwa kana juyawa, ka daka cittar ka watsa, tsamin nan shi zai wanke maka ɗacin bakin.

Wani bawan Allah: Shinkafar kuma kar ka yi ta a tsaye, ka cika mata ruwa ta yi luguf kamar fate, albasa da manja da magi ɗaya duk a tukunya guda, ka ja kujera ka zauna gaban risho kar ka faɗi.

Maman yara: Amma zazzaɓin kwana uku fa ba wasa ba ne, gobe ka kira wani ya raka ka a gwada maka maleriya.

Ɗalibi a Samaru: Na gode Mama, tsamiyar na cikin ruwa yanzu haka.